Hanyar Zama Malamin Tarihin Ikilisiya a Jami'a, Ga Mai Farawa Daga Legas

Kafin ka biya ko sisi a wata makaranta, binciki takardar da za a miƙa maka a ƙarshe. Abin takaici ne yadda matasa daga cocin Hausa na Agege, Mile 12 da Idi-Araba kan shafe shekara huɗu a makarantar tauhidi, su fito da sakamako mai kyau, su kai jami'a a ce ba a san da takardarsu ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, digirin jami'a ta sani, ko na makarantar da ke ƙarƙashin inuwar wata jami'a a hukumance. Tambayi magatakardan makarantar baki da baki: wace jami'a ce ke sa hannu a digirin, wane kwas ne haɗin ya shafa, kuma ɗalibansu suna tafiya bautar ƙasa? Wani lokaci haɗin ya tsaya ne kan kwas ɗaya tak. Wanda ya riga ya gama a irin wannan makaranta kada ya karaya. Wasu jami'o'i suna karɓarsa ta hanyar babbar difloma ta shekara ɗaya kafin digiri na biyu.

Ƙofa biyu ce ke kai mutum wannan fanni, sashen nazarin addinai da sashen tarihi. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tana da sashen addinai, Jami'ar Legas da ke Akoka tana da sashen tarihi, Jami'ar Ibadan kuma tana da duka biyun. Amma a digiri na biyu da na uku malami ake bi fiye da sunan makaranta. Karanta maƙala biyu ko uku na wanda kake so ya duba aikinka, ka kuma tambayi tsofaffin ɗalibansa wata nawa babi ke yi a teburinsa. Digiri na uku da ya kamata a gama cikin shekara uku ko huɗu yakan kai bakwai saboda wannan kaɗai.

Matakan aikin sanannu ne. Mai digiri na biyu yakan shiga a mataimakin lakcara, mai digiri na uku a lakcara na biyu, daga nan lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sai farfesa. Galibi sai an yi aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, kuma a matakai biyu na ƙarshe ana tura rubuce-rubucen mutum ga manyan malamai na wasu jami'o'i su auna. Ba tare da digiri na uku ba, tafiyar ba ta nisa.

Wajen zaɓen batu ne mai jin Hausa yake da abin da wasu ba su da shi. Farkon labarin Kiristanci a yankin Legas an yi masa rubutu sosai: zuwan 'yan mishan Thomas Birch Freeman da Henry Townsend Badagry a 1842, makarantar CMS (ƙungiyar mishan ta cocin Anglika) ta 1859, Samuel Ajayi Crowther da aka naɗa bishop a 1864 ya kuma rasu a Legas a 1891. Haka ma saukar Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham a tashar Legas a Disamba 1893 da niyyar shiga Arewa, tafiyar da ta haifi ƙungiyar mishan ta SIM, daga baya cocin ECWA. In ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, za ka taras manya sun riga sun nome gonar. Juya akalar: yaya jikokin waɗanda aka kai wa bishara a Arewa suka gangaro Legas suka kafa sujada da Hausa? Sojoji da 'yan sanda a bariki, masu gadi, leburori, matan zumunta da suka fara addu'a a ɗakin haya kafin a samu fili. Wannan tarihi yana cikin littattafan minit, wato na rubuta bayanan taro, da na baftisma da na baiko, yana kuma cikin kawunan dattawa da suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka taƙaita: ikilisiya biyu ko uku, shekara talatin ko arba'in. Wanda ya ce zai rubuta tarihin Kiristocin Arewa a Kudu baki ɗaya ba zai gama ba.

Fara da wasiƙa daga sashenku zuwa ga fasto da majalisar dattawa. Kada ka nemi fita da littafi ko ɗaya. Ɗauki hotonsa a wurin, da rana kusa da taga, shafi bayan shafi har da bango da shafukan da babu komai, don a san ba ka tsallake ba. Sa wa kowane hoto sunan coci, shekara da lambar shafi, ka adana a wuri biyu a ranar. Danshin Legas da gara da ambaliya suna cin takarda da sauri. In ka ga shafi ya yage kada ka manna masa salatif, domin gam ɗinsa yana ɓata takarda da tawada.

Hira da dattijo kada ta wuce awa ɗaya, kuma ka nemi izininsa a cikin sautin da kake naɗa. Idan ka ce, "Baba, a wace shekara aka gina wannan majami'a?" zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka. Tambaye shi ko kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, ko kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun fito, ko an yi bikin FESTAC na 1977, ko bama-baman barikin Ikeja na Janairu 2002 sun riga sun tashi. Daga nan kai ne za ka fitar da shekarar, ka gwada ta da littafin minit. Iyaye mata a zauna da su daban, don a gaban maza sukan ce "yadda Baba ya faɗa haka ne", alhali su ne suka san wanda ya kawo benci na farko. Rubuta hirar awa ɗaya yana cin awa biyar ko shida, ka sa wannan a lissafi.

Sai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Reshen Ibadan yana cikin harabar jami'a, jirgin ƙasa daga Ebute Metta yana kai ka tashar Moniya da ke gefen Ibadan cikin kamar awa biyu da rabi. Abin da ya shafi Arewa yana Kaduna, cikin fayilolin SNP (ofishin sakataren lardunan Arewa) da na larduna irin su Zarprof na Zariya da Josprof na Jos, inda za ka ga yadda gwamnatin Turawa ta riƙa hana 'yan mishan shiga masarautu. Asalin takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Karanta wasiƙun 'yan mishan da lura, domin yawancinsu an rubuta su ne ga shugabanni da masu ba da gudummawa, kuma mai bishara ɗan ƙasa da ya yi rabin aikin yakan fito a layi ɗaya.

Babban ramin da ɗalibai masu bi ke faɗawa shi ne mai da kundi waƙar yabon ɗarikarsu. Mai jarrabawa daga waje zai tambaye ka rabuwar da aka yi, rigimar fili, zaman da aka yi da maƙwabta Musulmi a unguwa, da hujjar kowace magana. Bangaskiyarka ba ta hana ka rubuta waɗannan da adalci, kuma ikilisiyar ta fi amfana da gaskiya.

Tun kana digiri na uku ka fitar da maƙala biyu daga cikin babobinka. Nemi mujallun da ake tantance aiki, irin su Orita ta Ibadan ko ta Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya. Guji waɗanda ke karɓar kuɗi su buga cikin mako ɗaya, kwamitin ƙarin girma ya san su. Game da kuɗin karatu, hukumar asusun tallafin manyan makarantu, TETFund, tana tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, kuma ta hannun makarantar ake nema. Wanda ke koyarwa a makarantar tauhidi ko jami'a mai zaman kanta sai ya nemi tallafin ɗarikarsa, a rubuta yarjejeniya da ke nuna shekara nawa zai yi musu aiki bayan ya gama.