Yadda Mai Lalurar Ƙafa Zai Ziyarci Gandun Dajin Yankari

Wanda tafiya ke ba shi wuya, ko don tsufa, ko ciwon gwiwa, ko kuma yana kan keken guragu, zai iya ziyartar Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, domin kallon namun daji a can cikin mota ake yin sa, ba a ƙafa ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwambaza kuma suke taruwa a bakin kogin Gaji, ba sai an yi dogon yawo ana neman su ba. Ga tsoho, watan Janairu ya fi Afrilu sauƙi, saboda zafin bazara.

Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, tafiyar kimanin kilomita 42 ce, don haka a kimtsa tun kafin a shiga. Kafin a biya kuɗin ɗaki, a auna faɗin keken a gida, a tambayi faɗin ƙofar banɗaki da yawan matakalar da ke bakin ɗakin, sannan a nemi wanda ke kusa da wurin cin abinci.

Motocin kewaya daji dogaye ne, hawansu kuwa shi ne wahalar farko. A tafi da 'yar kujera ta takawa da matashin jingina baya, a samu ƙarfafa biyu su tallafa, a kuma roƙi kujerar gaba inda girgiza ba ta da yawa. Idan hawan ya gagara, a nemi izinin shiga da motar gida tare da jagora.

Maɓuɓɓugar Wikki ce babbar jarrabawa. Ruwanta garai-garai ne, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, abin da gaɓoɓi masu ciwo ke so ke nan, amma tana can ƙasan kwari, matakalar kuma doguwa ce, kuma hawowa ya fi sauka wuya. A fara tura wani ya duba hanyar da idonsa, kada a dogara da “ba nisa” na mai lafiya. Kogunan Marshall kuwa, wato ramukan da mutanen da suka haƙa a jikin dutse a dajin, a ganina, gara a haƙura da su.

A sansanin, kada a rataye ledar abinci ko ta magani a jikin keke, domin gwaggon biri ya san leda sarai, kuma wanda ke zaune ya fi sauƙin fizge wa.