Babi na 6: Kogin Kwara, inda ruwa ya zama iyaka

Darasi na 1

To jama'a, kowa ya shimfiɗa taswirarshi kan tabarma, rubutun ya kalle ka daidai, kada a juya ta kai ƙasa. Mu nan Daura iyakarmu da Nijar busasshiyar ƙasa ce, in ka bi hanyar Kongolam shinge ne da 'yan kwastan, gona nan gona can. Amma akwai inda ruwa ne iyaka.

Kun ga wannan zaren shuɗi mai lanƙwasa? Shi ne kogin Kwara, wasu littattafan Neja suke rubutawa. Ɗora yatsa a ƙasar Gini, can hannun hagu, daga duwatsun nan ya taso. Ja yatsan sama cikin Mali, ka wuce Bamako har kusa da Timbuktu, sai ya karyo kwana ya biyo ta Yamai, ya shigo mana ta jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa teku. Tafiyar kusan kilomita 4,180 ke nan. Wata Hajiya ta ce "Malam, ya za a yi ruwa ya hau sama?" Tambaya mai kyau. Saman takarda arewa ne Hajiya, ba tudu ba ne.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a hankali. Kafin kogin ya shigo Najeriya akwai wani yanki da ya raba Nijar da Benin. Garin Gaya yana tsallaken Nijar, ba Gaya ta Kano ba fa, Malanbil kuma yana tsallaken Benin, gada ce ta haɗa su. To wanne ne gaɓar hagu, wanne ne dama?

Juya fuskarka inda ruwa ya nufa. Shi ke nan sirrin. Ruwan Najeriya ya nufa, to ka ba Yamai baya ka fuskanci Kebbi, hannun hagunka Nijar, hannun damanka Benin. Sake. Bayanka Yamai, fuskarka Kebbi. Hagu? Nijar. Dama? Benin. Madalla, wanda bai gane ba kada ya ji kunya, babu wanda aka haifa da shi.

Mu fita tsakar gida. Ja layi da kara a ƙasa inda ya ɗan gangara, tsiyaya ruwan buta, ka tsaya ka raba ƙafa a kan layin kana kallon inda ruwan ke gudu. Ajiye takalmi ɗaya a hagu ka ce Gaya, ɗaya a dama ka ce Malanbil. Yanzu juya ka kalli butar, ka ga hannuwanka sun musanya amma takalman ba su motsa ba ko? Shi ya sa ba a kallon inda ruwa ya fito, inda ya nufa ake kallo.

Haba Alhaji, sau nawa zan faɗa! Makon jiya rabin aji Benin suka rubuta a hagu, don kawai ba a son tashi a yi na butar, wai girma ya hana. A kasuwar shanu ba ku ɓata lissafi ko na sisi, sai nan. Inda ruwa ya nufa. Ku faɗa da baki sau uku.

Darasi na 3

A cikin ruwan ina layin iyakar yake? Ƙasashen biyu sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete, sai a 2005 kotun duniya ta ce iyaka ta bi hanyar jirgi inda ruwa ya fi zurfi, Lete ya zama na Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da aka rufe gadar, a kwalekwale mutane suka riƙa tsallakawa da kayansu.

Darasi na 4

Kwafi sunayen nan sau biyar-biyar: Gini, Mali, Nijar, Benin, Najeriya. A zo da fensir ranar Asabar.