Yadda za ka zaɓi manhajar zana tsarin aikin kasuwancinka

Kafin ka sauke komai ɗauko biro da takarda tukuna, ka zana yadda oda ke tafiya tun daga lokacin da kwastoma ya bugo waya daga Wuse har a loda masa buhunan dankali a Jos, wa ke karɓar kuɗi, wa ke rubuta rasit, a ina kaya ke maƙalewa, don wallahi a nan za ka gane abin da kake buƙata.

In kai kaɗai ne, ko netwok na yawan ba ka wahala, ɗauki draw.io, kyauta ne kuma akwai wanda ake sa wa kwamfuta yana aiki ba data, ni shi nake fara nuna wa kowa. Lucidchart ya fi daɗi in ku da yawa za ku riƙa gyara zane ɗaya lokaci guda, amma na kyautan fayil 3 kawai zai bar ka ka gyara, sauran sai da dala. Visio na Microsoft ma biya ake.

In kamfani babba ya nemi zanen, tambaye su ko BPMN 2.0 suke so, wato tsarin alamomi na bai-ɗaya da ake zana aikin kasuwanci da shi, manhajar Bizagi Modeler na yin sa a Windows. Duk manhajar da ka zaɓa, ka gwada ta da oda ɗaya ta jiya, ka miƙa wa yaron shagonka zanen ya karanta maka.