Yadda za ka rabu da ragowar fenti da fiya-fiya ba tare da ka cutar da kowa ba

Yawancin gidajenmu in ka leƙa sito ko bayan ɗaki za ka tarar da rabin bokitin fenti da ya rage tun gyaran sallah, ga gwangwanin tina, ga kwalbar fiya-fiya, wani gidan har da jarkar maganin feshi da aka dawo da ita daga gona. Ranar da aka tashi share-share kuma sai dai a juye a kwata ko a masai, ko a cinna musu wuta a bola, to wallahi duk ukun nan babu na yi, balle a unguwar da rijiya take taku kaɗan da masai, abin da ka zuba yau shi zai tsiyaya ya tarar da ruwan da yaranka suke sha.

Fenti dai fara duba wane iri ne. In na ruwa ne, irin na bango, kuma bai yi wari ba, ka ba wa mai fenti ko masallacin unguwa ko islamiyya, za su yi murna. In ya lalace sai ka zuba masa yashi ko dusar katako ka juya sosai, ka bar murfin a buɗe inda yara da awaki ba sa kaiwa har ya daskare, sannan ya tafi bola. Fentin mai kuwa, mai sheƙin nan na ƙofa da taga wanda sai da tina ko kalanzir yake fita a hannu, shi yana kama wuta, kar ka ƙona shi, ka rufe da kyau ka kai wa masu walda ko kafinta su ƙarasa shi. Tsummokaran da aka goge shi da su a shanya su a waje su bushe, kar a dunƙule su wuri ɗaya.

Abin da ya fi damuna da fentin mai shi ne wani yana ɗauke da dalma, musamman ja da rawaya. Dalmar nan ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito, amma guba ɗaya ce kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Saboda haka in za a kankare tsohon fenti a fitar da yara da mai ciki, a yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi, a kwashe ɓarɓashin a ƙulle a leda. Bokitin kuma don Allah kar a mai da shi na kunu ko na jiƙon gero.

Sai fiya-fiya da Sniper. Tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa amma har yanzu suna gidajen mutane, kuma babbar matsalar ita ce ɗura su a robar lemo, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. Kowane magani ya zauna a mazubinsa da takardarsa, a sama, a kulle. Jarkar maganin feshi in ta ƙare a ɗauraye sau uku, ruwan ɗaurayar a zuba a tankin feshi ya koma gona, sai a huda gindinta da ƙusa yadda ba mai sake zuba man gyaɗa a ciki.

Uwar gida, kar ki taɓa haɗa Hypo da Harpic wai don banɗaki ya fi fita, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Gwangwanin feshin sauro shi ma ba a jefa shi a wuta, fashewa yake. Mataccen batirin mota a mayar wa masu sayar da batir da ruwansa a ciki, baƙin mai kuma a bar shi a gareji.

In tsautsayi ya sa yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa shi amai, a cire rigar da abin ya zuba a wanke masa jiki, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti nan take don likita ya ga abin da ya sha.