Yadda Ake Haɗa Fayiloli Biyu da Umarnin join

Mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari ta Zariya yana iya samun kansa da fayiloli biyu na rubutu a kwamfutarsa, ɗaya mai ɗauke da lambobin kaya da sunayensu, ɗayan kuma mai ɗauke da lambobin da adadin buhunan da suka rage a sito. Abin da yake bukata shi ne kowane suna ya zauna kusa da adadinsa a layi guda. Umarnin join, wanda yake cikin Unix tun fitowa ta bakwai a 1979, kuma yake zuwa da Linux cikin tarin GNU coreutils, don wannan aiki aka yi shi.

A ce kaya.txt yana ɗauke da waɗannan layuka:

101,masara
102,gero
103,dawa
105,waken soya

ajiya.txt kuma yana da waɗannan:

101,40
103,25
105,12

Sai ka rubuta:

join -t, kaya.txt ajiya.txt

Za ka ga layuka uku sun fito, na farkonsu 101,masara,40. Zaɓin -t, yana sanar da join cewa waƙafi ne ke raba gurabe, domin idan babu shi tazara zai duba, alhali kuwa tazarar da ke cikin “waken soya” ba rabuwar gurbi ba ce. Idan lambar ba a gurbin farko take ba, sai ka faɗi inda take: -1 2 na nufin gurbi na biyu a fayil na farko, -2 3 kuma gurbi na uku a fayil na biyu.

Lura cewa gero bai fito ba, kuma join bai ce komai ba game da shi, saboda layukan da suka sami abokan haɗi kaɗai yake bugawa. Zaɓin -v 1 zai nuna maka marasa aboki na fayil na farko su kaɗai, ni kuwa ina ganin bai kamata a amince da sakamako ba sai an duba wannan. In kana son gero ya fito da sifili, ga yadda za ka yi:

join -t, -a 1 -e 0 -o 0,1.2,2.2 kaya.txt ajiya.txt

Babban sharaɗin aikin duka shi ne jerawa, kuma a nan ne mafi yawan kurakurai suke fitowa. Shi join ba ya ɗauke fayil gaba ɗaya ya yi ta bincike a ciki. Yana bin fayilolin biyu ne tare daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kuma abin da ya wuce ba ya komawa kansa, shi ya sa yake iya aiki da manyan fayiloli ko a ƙaramar kwamfuta. Saboda haka wajibi ne a jera kowane fayil bisa gurbin da za a yi haɗin a kansa:

sort -t, -k1,1 kaya.txt > kaya2.txt

Ka yi wa ajiya.txt haka shi ma, sannan ka haɗa sababbin. Kada ka sa wa sort zaɓin -n, mai jera lambobi bisa girmansu, ko da lambobi kake jerawa, domin join yana kwatanta su ne a matsayin haruffa, kuma a wannan tsari 105 yana zuwa kafin 99. Wanda ya jera da -n zai iya ganin saƙon “is not sorted”, ko kuma wasu layuka su ɓace masa. Zaɓin --check-order yana sa join ya tsaya da zarar ya ci karo da jerin da ba daidai ba.

Akwai abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa musamman. Idan gurbin haɗin kalmomi ne masu ƙ, ɗ ko ɓ, matsayinsu a jeri ya danganta da saitin harshen kwamfutar, don haka fayil da aka jera a wata kwamfuta yana iya saɓa wa taka. Ka rubuta export LC_ALL=C kafin ka fara, sannan ka sake jera fayilolin biyu. Haruffa masu ƙugiya za su koma bayan z, amma sort da join za su bi tsari ɗaya.

Fayil da aka kawo daga Windows kuma yakan zo da wata ɓoyayyar alama a ƙarshen kowane layi, wadda ke hana haɗi idan lambar tana gurbin ƙarshe. Ana cire ta da tr -d '\r' < ajiya.txt > ajiya2.txt kafin a jera.