Yanda zaka saka dongul ɗin maus a cikin laftof ɗinka ya zauna dindindin

Duk mai amfani da maus mara waya ya san wahalar wannan ɗan abun da ake cusawa a USB, dongul, yau ya faɗi a cikin keke napep gobe ya karye a jaka saboda ka manta ka cire shi, kuma in ya ɓace maus ɗin ya zama kwali kawai. Ni sau biyu yana faruwa dani tsakanin Kawo da Tudun Wada kafin na yanke shawarar in maida shi cikin laftof ɗin gaba ɗaya. Aikin ba wuya amma yana son nutsuwa, kuma dan Allah in laftof ɗinka sabuwa ce mai garanti ka barta yanda take, wannan na masu tokumbo ne irin su HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420 da suka cika gari.

Kayan aiki: ƙaramin sikundireba, multimita, ƙarfen dalma mai siririn baki, dalma, siraran wayoyi, da salatif mai jure zafi wanda ake kira Kapton, mai ruwan zuma ɗinnan, masu gyaran waya a kasuwar Sheikh Gumi suna amfani dashi. Kar ka sa baƙin salatif na wayarin gida, zafi na narkar da gam ɗinshi ya ɓata maka ciki.

Kafin komai ka kashe laftof, ka zare caja, ka cire batir, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita. In lokacin hunturu ne ka taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka taɓa madabod, wato babban allon lantarki na cikin laftof, kasan yanda jiki ke tara wuta in iska ta bushe a Kaduna har kaji ƙyas in ka gaisa da mutum, toh wannan ƙyas ɗin ya isa ya kashe cif ɗin da ke kan madabod.

Yanzu abu mafi muhimmanci, kar kayi saurin kai dalma kan madabod. Ka buɗe murfin ƙasa ka duba ko akwai ramin mini PCIe da ba kowa a ciki, wanda aka tanada don katin modem mai aiki da sim na intanet, WWAN ake rubutawa kusa dashi. Wannan ramin yana da layin USB a cikinshi, fil na 36 shine D− na 38 kuma D+, akwai ɗan kati da ake saidawa mai maida ramin ya zama USB, ka cusa shi ka sa dongul shikenan ba dalma ba komai. Sai dai ramin 3.3V yake bayarwa shi kuma USB 5V yake so, don haka ka nemi katin da ke ɗaga wutar zuwa 5V. Kuma ka tabbatar ramin WWAN ne, domin wani ramin kamarsu ɗaya a ido amma ba layin USB a jikinshi.

In babu wannan ramin sai a koma dalma. USB 2.0 waya huɗu ce, ja 5V, fara D−, koriya D+, baƙa kuma ƙasa wato GND. Zaka zaɓi USB guda ɗaya a jikin laftof ka jona wayoyi huɗu daga ƙafafunshi ta ciki zuwa dongul, kar ka dogara da ido ko hoton da ka gani, sa multimita ka gano wace ƙafa ce 5V wace ce GND, in ka juya su dongul ya ƙone nan take. Wayoyin D+ da D− ka murɗe su tare kamar igiya, tsawonsu ɗaya, kuma gajeru iya yanda zai yiwu, in sukayi tsawo Windows zata riƙa cewa bata gane na'urar ba. Abun da mutane da yawa basu sani ba shine rami ɗaya na'ura ɗaya yake ɗauka, wannan USB ɗin da ka jona ya tashi daga aiki kenan, in ka cusa filash a ciki duka biyun zasu rikice, don haka ka toshe bakinshi ta waje. In ba zaka iya rasa shi ba sai ka sa ƙaramin hob, wato mai raba USB ɗaya ya zama da yawa, a tsakani, aikin ya ƙaru amma ana yi. Ni shawarata ka zaɓi na 2.0 mai baƙin harshe, ka guji mai shuɗi na 3.0 domin hayaniyarshi tana shiga 2.4GHz ɗin da maus ke aiki dashi, kibiya ta riƙa tsalle.

Sai wurin ajiye shi, anan ne nafi ɓata lokaci. Ƙarfe yana tare sigina, kuma EliteBook da Latitude jikinsu akwai ƙarfe sosai, ko robar ma wani lokaci an shafe cikinta da fenti mai ƙarfe. Karon farko na manna nawa a ƙarƙashin faranti na kibod, maus yaƙi aiki sai na matso dashi dab da laftof. Ka nemi gefe inda roba ce zalla, kusa da lasifika ko bakin gaba ta dama in da dama kake riƙe maus, nesa da fanka da bututun jan ƙarfen da ke ɗauke zafi. In wuri yayi kaɗan ka ɓare robar dongul ɗin a hankali ka naɗe shi da Kapton yanda ba inda zai taɓa madabod.

Kar ka ɗaura kusoshi sai ka gwada. Ka maida batir, ka kunna, ka ja maus nesa kamar taku uku ka gani, sannan ka ɗora murfi ba tare da ɗaurewa ba ka sake gwadawa. Kuma in zaka sayi maus don wannan aikin ka nemi Logitech mai Unifying, dongul ɗaya yana ɗaukar na'ura har 6, ranar da maus ya lalace sai ka haɗa wani mai Unifying ko ka ƙara kibod irinshi ba sai ka sake buɗe laftof ba.