Yadda za a ci gaba da rigakafin yara a zango lokacin annoba

A ranar 30 ga Maris, 2020 gwamnatin Gana ta taƙaita zirga-zirga a Akra da Kumasi saboda korona, kuma ko bayan an ɗage dokar, uwayen yara da dama sun ci gaba da gudun asibiti don tsoron kamuwa. Irin wannan tsoro shi ne abin da ma'aikatan lafiya a unguwannin zango irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango za su fara magancewa idan annoba ta zo, domin ƙyanda ba ta jiran annoba ta wuce. A Kwango, ƙyanda ta kashe mutane fiye da 6,000 a shekarar 2019, adadin da ya zarce na waɗanda Ebola ta kashe a ƙasar.

Ba a rufe wurin awo, wato inda ake auna jarirai ana yi musu rigakafi. Rarraba masu zuwa ake yi. Maimakon mata su taru da sassafe a rana guda, sai a ba kowace uwa ranarta da lokacinta, a rubuta mata a katin yaro, a kuma fito da benci waje inda iska ke kaɗawa, nesa da ɗakin da ake duba masu tari da zazzaɓi. Mutum ɗaya ya isa ya kawo jariri, sanye da takunkumi, ya wanke hannu a bakin ƙofa.

Aikin da ya fi wuya shi ne bin sawun waɗanda suka daina zuwa. A riƙa duba rajista kowane mako, a fitar da sunayen jariran da suka tsallake allurar mako 6, 10 ko 14, da ta ƙyanda ta wata 9 da wata 18, a kira uwayensu ta waya. Wanda ya makara ba a sake masa daga farko. Daga inda ya tsaya ake ɗorawa, kuma uwaye da yawa ba su san haka ba, shi ya sa kunya take hana su komawa. A ganina, sanarwar liman bayan sallah ko kalmar magajiya a wurin suna ta fi takardar da aka manna a bango isa cikin gida.

Sai kuma sanyin magani: a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'aunin firji safe da yamma, a tanadi akwatin sanyi saboda ɗaukewar wuta, kuma kada a bari allurar penta, mai kare jariri daga cututtuka biyar, ta daskare, domin daskarewa na lalata ta.